Jirgin Soso da Fentin Soja

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda ta'asar 'yan bindiga, Rabah da Goronyo suna ciki. Ni kuwa a garinmu Rara gyaran waya da caji ne abincina. Wayar da ba ta kira ba ta amsawa, wa zai ɗauko ta ya kawo gyara? Sai ya zama ina buɗe shago ne kawai don kada a ce na rufe, in share tebur, in zauna ina kallon hanya. Cikin wannan zaman kashe wando ne wani tsohon buri ya taso mini: in ƙera ƙaramin jirgin sama da zai tashi da gaske, ina ƙasa ina juya shi da rimot.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya yi motar kara. Ka fere karan dawa, ka ware ɓawon, ka yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ka yi ta sokawa har mota ta tsaya da ƙafafunta. Ni tun a lokacin jirgi nake yi, in sa masa farfelar ɓawon kara, in ruga da shi cikin iska tana juyawa. Bai taɓa barin hannuna ya tashi ba, abin kuma ya tsaya mini a rai har na yi gemu.

A watan Yuli na 2021 jiragen yaƙi shida samfurin Super Tucano suka sauka Kano, rukunin farko cikin 12 da Najeriya ta saya ta hannun Amurka. Ƙirar kamfanin Embraer ce na ƙasar Burazil, aka kuma ba su mazauni a Kainji. Hotunansu sun cika wayoyin mutane kafin layi ya ɗauke. Wannan samfurin na zaɓa, ba Alpha Jet ba wanda sojojin samanmu ke aiki da shi tun shekarun 1980, domin shi Tucano farfela ɗaya gare shi a hanci, fukafukansa miƙaƙƙu, mai reza da haƙuri zai iya fitar da siffarsa. Na shiga mota zuwa cikin garin Sakkwato inda layi ke aiki, na sauke zanensa ta sama da ta gefe da ta gaba, na dawo na shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasan shago na fara awo.

Faɗin fukafukan na gaskiya ya ɗan haura mita 11. Na raba komai gida goma, nawa ya kama mita ɗaya da santimita 11. A nan lissafi ya fara koya mini hankali. In ka rage tsawo sau goma, faɗin fiffiken da iska za ta tallafa ya ragu sau ɗari, jikin kuma sau dubu. Babban jirgin yana tashi da nauyin da ya kai kilo 5,400, ke nan a takarda nawa zai iya kai kilo biyar da ɗoriya. Amma ƙaramin jirgi mai wannan nauyi sai ya yi gudun da ido ba zai bi ba kafin ya ɗaga, ni kuwa da hannu zan jefa shi daga gona. Dole ya tsaya kusa da kilo ɗaya. Tun daga ranar, sikelin da matata ke auna fulawar cincin ya koma shago.

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje da icen balsa suke aiki, wani ice marar nauyi da aka fi samu daga Ekwado, dangin riminmu ne ma. Ni farin soson nan da ake tallafe firiji da talabijin a cikin kwali na tara daga shagunan Sakkwato, na sa tsagin gora a cikin fiffike ya zama ƙashi. Ban ji kunyar kayan aikina ba. Jiragen farko da suka sauka a Najeriya, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka iso Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, da katako da ƙyalle aka yi su. A Kanon dai, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota har duniya ta ji labarinsa.

Soso yana da halinsa. Gam mai kama nan take cinye shi yake, fetur ma haka, fentin gwangwani na fesawa kuwa sai ka ga jikin yana ramewa a gabanka. Gam na kyandir da ake narkarwa da bindiga yana riƙewa da safe, amma bari ranar Sakkwato ta watan Afrilu ta same shi, sai ya saki. Farin gam na kafintoci ne ya fisshe ni, sai dai yana son a bar shi ya kwana. Abin da ba a samu a gida shi ne kayan ciki: inji, da na'urar da ke daidaita gudunsa, da 'yan ƙananan injunan da ke jan linzamin fiffike da wutsiya, da rimot, da batir mai ɗaki uku na bolt 11.1. Waɗannan daga Sin aka yo mini odarsu ta hannun wani abokin sana'a a Kano. Kuɗin adashina ne ya tafi a kai, kuɗin da muka yi magana da mai ɗakina za a gyara rufin kicin da shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Malam, in damina ta zo sai mu fake ƙarƙashin fiffiken." Na gyara rufin daga baya, amma maganar tana nan, duk sanda na taɓo zancen oda sai ta ɗaga kai ta dubi sama.

Abu biyu ne ke kashe irin wannan jirgi tun ranar farko. Na ɗaya ma'aunin nauyi. Ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga bakin gaba, ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. In wutsiya ce ta rinjaya, kada ma ka jefa, domin zai ɗaga kai ya juye, ba rimot ɗin da zai cece shi. Na biyu shi ne matuƙin. Jirgin yaƙi mai fiffike a ƙasan ciki ba ya gyara kansa in ya karkata, ba ya kuma yafe kuskure. Saboda haka na ajiye Tucano, na haɗa wani mummunan abu mai fiffike a sama, gangar jikinsa murabba'i, na koyi tuƙi a kansa. A nan na gane cewa in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa, kuma yatsa ba ya yarda da wannan sai ya sha faɗuwa. Wancan mummunan ya karye ya ɗinku har gam ya fi soso yawa a jikinsa.

Haɗa gangar jiki da fukafukai bai ɗau lokaci ba. Ƙarasawa ce ta cinye watanni, har layin waya ya dawo, aiki ya dawo, jirgin yana rataye fari fat ana tambayata yaushe. Sai ka goge da samfefa mai laushi har ƙurajen soson su kwanta. Ka yayyanka takarda mai ruwan ƙasa, ka jiƙa ta da gam da aka sirka da ruwa, ka lulluɓe jikin falle-falle, ka bi da yatsa kana korar iska. In ta bushe sai ta ɗame, jikin ya yi tauri ya yi santsi. Gilashin matuƙi da robar lemo na yi shi: na sassaƙa siffar da ice, na zura ta cikin robar, na riƙa juyawa a kan garwashi daga nesa har robar ta tsuke ta kama icen, sannan na yanke. Ranar da na ɗora shi na ga jirgin ya yi fuska, ban iya cin tuwon dare da natsuwa ba.

Sai fenti. Na haɗa kore da ruwan ƙasa irin na kakin soja, na zana tambarin kore-fari-kore a fiffike, na ja layukan ƙofofi da fensir mai tsini. Na sassaƙa bama-bamai na soso na rataya a ƙasa. Kowane shafi na fenti sai sikeli ya motsa, kuma mafi yawan jikin yana bayan fiffike ne, giram ɗaya a wutsiya kuwa sai an biya shi da biyu ko uku a hanci. Haka na yi ta ciniki tsakanin kama da nauyi. Tayoyi suka tafi, tunda a kan ciki zai sauka. Farfela mai ganye biyar irin ta ainihin jirgin ta zama ta ado, ta tashi mai ganye biyu ce. Fentin sojan dai na ƙi taɓa shi, don a ganina shi ne jirgin.

Bayan an kwashe amfanin gona, da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, na fita bayan gari da ƙanena. Na ba inji wuta, ya jefa. Jirgin ya ɗan karkata hagu saboda juyin farfela, na tallafe shi, ya miƙe ya hau. Ina cikin wannan daɗi ƙanena ya kama mini riga. Can gefen fadama wasu mata masu itace sun zubar da kayansu suna gudu, ɗaya da goyo. Wani yaro mai kiwo ya bar awaki ya faɗa cikin kwazazzabo. A sama babu abin da ke nuna girman abu: jirgin mita ɗaya a kusa da na mita goma sha ɗaya a nesa duk ɗaya suke a ido. Ni da na kwashe watanni ina wahalar ya yi kama da na gaske, to ya yi.

Kafin azahar labari ya zaga. Wasu suka ce soja ne ke leƙen gari, wasu suka ce mutanen daji ne suka samo na'ura. Mai unguwa ya aiko kirana, na je da jirgin a hannu, kawuna yana zaune a gefensa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, soso ne da takarda, ko kaza ba zai kashe ba." Ya karɓa, ya jinjina shi, ya yi mamakin rashin nauyinsa, har ya leƙa cikin gilashin. Kawu ne bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, mu mun san soso na. Wadda ta yada itacenta ta sheƙa da goyo, ita wa ya gaya mata? Wanga gari da mutane ka kwana da takalmi a ƙafa, nan za ka tashi jirgin soja?"

Ban sami amsa ba, don babu. Mutanen gabashin Sakkwato, daga Rabah zuwa Isa da Sabon Birni, sun san abin da rugugin jirgi ke nufi: ko an zo wa 'yan bindiga, ko 'yan bindiga na kusa, kowanne kuwa ba labarin tsayawa kallo ba ne. Abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamban 2023, inda jirgi marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi bisa kuskure, ya ƙara nuna cewa gudun matan nan hankali ne. Ga kuma doka: tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta hana tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Jami'in da ya gan ka da rimot a bakin daji ba zai tsaya tambayar soso ne ko ƙarfe ba.

Na bi matan har gidajensu na ba da haƙuri, da jirgin a hannu don su taɓa. Mai goyon ta ƙwanƙwasa fiffiken da farce, ta ce, "Ashe wannan ne? Allah shi shirye ka." Na cire bama-baman. Cikin jirgin da ƙasan fukafukansa, wato duk abin da na ƙasa ke gani, na shafe da ruwan lemo mai ƙyalli, launin da ba jirgin yaƙin da ke sa shi. Masu wannan fasaha za su ce na ɓata aikin, kuma ta fuskarsu gaskiya ne, Tucano mai cikin lemo babu shi a Kainji. Ni dai na fi ganinsa da kyau a sama yanzu, ban kuma ƙara rikita cikinsa da bayansa ba. Ba na tashinsa sai a fili cikin gari, da sanin mai unguwa da jami'an tsaron da ke wurin, bayan yara sun zaga sun faɗa. In gari ya kwana da labari marar daɗi, yana nan rataye, ko da wata nawa ne.

Yaran da ke taruwa su ne ribar da ban sa a lissafi ba. Biyu daga cikinsu sun riga sun haɗa nasu marasa inji da soson da na rage, suna gardama a kan inda ma'auni ya kamata ya zauna, suna ɗora shi a yatsu kamar yadda suka ga ina yi. Wanda duk ke sha'awar wannan aiki a yankinmu, ga shawarata: ka fara da mai fiffike a sama, ka shafa masa launin da kowa zai gane wasa ne, ka je wurin mai unguwa da hukuma tun kafin ka yi odar inji. Batirin nan kuma yana kumbura da zafi, yana iya kamawa da wuta, kada ka caja shi a ɗakin da yara ke kwana.