Kuɗin Tallafi da Labarin Kakanninmu a Lakwal

Jama'a, duk wanda yake da yaro a lakwal, ko a Wiliyamsbil ko Ajame ko Tireshbil, ya san wannan magana. Yaro zai dawo gida ya ba ka labarin Sarauniya Abla Poku da yadda ta ƙetare kogin Komowe da mutanenta, ya ba ka na Samori, amma in ka tambaye shi ta ina kakansa ya shigo ƙasar nan, kuma me ya kawo shi, sai ya amsa da Faransanci cewa mushe bai koya musu ba. Mushe kuwa ba shi da laifi, domin abin da ke cikin littafi shi yake karantarwa. Buga littafi da ɗaukar fim kuɗi suke ci, kuma a ƙasar nan sau da yawa daga waje kuɗin yake zuwa.

Dattawanmu ba su manta da zamanin talabijin a aji ba. A 1971 gwamnatin Kodebuwa ta soma koyar da yaran firamare ta akwatin talabijin, ana shirya darussan a Buwake, da taimakon Faransa da UNESCO da Bankin Duniya. Har ƙauyukan da babu lantarki an kai akwatuna masu aiki da batir. Dubun dubatar yara sun yi karatu ta wannan hanya, da Faransanci zalla. Amma gyaran akwatuna da sayen batir suka zama kaya mai nauyi, iyaye da malamai suka yi ta ƙorafin cewa yara sun iya surutu ba su iya rubutu ba, a 1982 aka rufe shirin. Akwatunan suka koma matattarar ƙura a bayan allo. Dokar ilimi ta 1977 ta yi maganar shigar da harsunan ƙasa cikin makarantu, amma sai da aka shiga shekarun 2000 kafin a ƙaddamar da shirin nan da ake kira PEI, wanda aka fara da harsuna 10 a makarantun karkara, cikinsu har da Baule da Bete da Anyi da Sanufo da Kulango da Yakuba. Daga baya shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta zuba wa kuɗi, ya iso Kodebuwa a 2016.

To, a duk wannan lissafi babu Hausa. Dalilin a fili yake: mai ba da tallafi da ma'aikatar ilimi yake zama, ita kuwa ma'aikata harsunan da ta ɗauka na 'yan asalin ƙasa take miƙa masa. Mu a takarda baƙi ne, ko da kakan kakan mutum a nan aka binne shi. A Nijar tun 1973 aka buɗe ajin gwaji na koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ɗan ɗan'uwanmu a Maraɗi yana iya samun littafin karatu da harshen uwarsa, namu a Ajame sai dai abin da ya tsinta a tsakar gida.

Kada a ɗauka kishi muke yi da masu ƙasa. Ajame ƙasar Acan ce, waɗanda aka fi sani da Ebiriye, kuma a nan ne Turawan mulki suka ƙwace babban tamburansu mai magana, Jiji Ayokwe, a 1916, saboda da shi ake sanar da ƙauyuka zuwan masu kamun aikin tilas. Tsawonsa ya haura mita 3, nauyinsa kilo 430. A watan Yuli na 2025 majalisar Faransa ta amince da dokar mayar da shi gida. In za a kashe kuɗi a yi fim da littattafai a kan wannan tambura a kai makarantu, mu ne ya kamata mu fara tafi, domin yaranmu a kan ƙasar Acan aka haife su, kuma yaron da bai san mai masaukinsa ba ba zai iya zama da shi lafiya ba. Mu da muka fito daga ƙasar tambari da kalangu ai ba sai an yi mana dogon bayani ba cewa ganga tana magana.

Abin da ke damunmu shi ne namu labarin yana tafiya kabari ɗaya bayan ɗaya. Kuma labari ne mai kauri. Lokacin da Bature Binger ya shiga birnin Kong a 1888, ya tarar da unguwar Hausawa marina da karofinsu, wadda ake kira Marabaso, domin Maraba shi ne sunan da Jula suke kiran Bahaushe. Sunan garin Marabadiyasa, can wajen Bewumi, daga nan ya samo asali. Fataken goro sun bi ta Bonduku tun kafin a san za a yi Abijan. Yau kuwa in ka tambayi ɗan lakwal me Bahaushe ya kawo ƙasar nan, zai yi dariya ya ce garba. Ba mu raina garba ba, ta rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma acekke ɗin da ake yin ta da shi ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2024. Amma ace tarihin fiye da shekara 130 ya taƙaita a faranti guda da kifi da barkono, wannan da ciwo.

Masu ba da tallafi ba sa miƙa kuɗi ga taron jama'a. Suna neman ƙungiya mai takardar rajista, da asusu a banki, da wanda zai rubuta abin da za a yi da nawa zai ci, sannan ya kawo rahoto bayan an kashe. Ƙungiyoyinmu sun gwanance a kan biki da suna da jana'iza da kai gawa gida, amma kaɗan ne suke da waɗannan takardu, alhali muna da yara masu digiri daga jami'ar Kokodi da za su iya rubuta wannan buƙata cikin kwana biyu. Ko an samu kuɗin ma, labarin akwatunan Buwake ya isa ya sa mu yi hattara da duk aikin da ransa ke hannun mai bayarwa.

Saboda haka muna ganin a fara da abin da ke aljihu. Aikin da a da sai da ɗakin shirye-shirye na Buwake, yau wayar hannu tana yin sa. In gidaje 100 suka zuba jaka guda-guda a wata, kamar yadda matanmu suke adashi, an samu abin sayen makirfo mai kyau, da kuɗin baka na samarin da za su zaga, da na buga ƙananan littattafai da Hausa a shafi ɗaya, Faransanci a ɗayan. Makarantun Faranko-Arab da na allo da ke unguwanninmu ba sa bukatar dogon izini kafin su ware rabin awa ranar Asabar. Muna roƙon sarakunan Hausawa da limamanmu su ba da sunayen dattawan da suka haura shekara 80, maza da mata, masu goro da mahauta da 'yan koli, a fara da waɗanda suka zo kafin 1960, a tambaye su garin da suka baro, da hanyar da suka biyo, da gidan wanda ya sauke su ranar da suka iso.