Ranar Da Muka Hau Dala

Akwai wata kunya da muka daɗe muna ɓoyewa, yau dai ga ta mun shimfiɗa a gaban 'yan'uwa marubuta, domin mun san ba mu kaɗai ke ɗauke da irinta ba. A gindin Dutsen Dala aka yanke mana cibiya, a nan muka yi karatun allo, muka yi aure har muka fara aurarwa, amma ƙafarmu ba ta taɓa taka saman dutsen nan ba sai da furfura ta keto mana. Muna yara iyaye suka ce akwai iskoki, da muka girma kuma sai muka ce ai Dala ba ta gudu, ko yaushe ma a hau.

Wanda ya tona mana asiri wani yaro ne mai sha'awar rubutu da ya zo daga Damagaram, ya kawo mana littafinsa mu duba. Bayan an ci abinci sai ya ce, "Baba, don Allah kafin in koma ina so ku kai ni Dala, an ce da ɗan gari akan ci gari." Muka ce to, alhali kuwa ɗan garin ko inda matattakalar ta soma bai tabbatar ba. Da la'asar sakaliya muka kama hanya, shi yana tsallake matakala bibbiyu, mu kuwa muna tsayawa kamar masu kallon gari, nan kuwa numfashi muke nema.

Da muka isa sama sai ya shiga jero tambayoyi. Muka karanta masa abin da muka haddace tun firamare, wato Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda a shekarar 999, da yadda jikansa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya soma gina ganuwa, da yadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarki, ya kafa Kasuwar Kurmi a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499. Yaron ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "To Baba, ina ganuwar take?"

Nan fa ido ya raina fata. Muka juya gabas, muka juya yamma, ga Goron Dutse can tsaye, ga hasumiyoyin babban masallaci, amma badalar da muke hawa mu gangaro da gudu muna yara sai da ƙyar muka iya nuna masa guntayenta, nan tudu can tudu, gidaje da shaguna sun cinye sauran. Wasu sun ɗebi ƙasarta sun yi tubali, ruwan sama ya zaizaye wani ɓangare, ita kanta Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Mun bi ta wurin ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ko kai ba mu ɗaga ba.

Garin neman ganuwar ne idonmu ya faɗa kan wani abu da ba shi muka hau nema ba. Ashe daga nan sama duk rayuwarmu a tafin hannu take. Ga lungun da aka haife mu. Ga inda kududdufin da muka koyi iyo yake, wanda daga cikinsa kakanninmu suka haƙi ƙasar gina gidajensu, yanzu an cike shi an yi gini a kai, shi ya sa ruwan damina ya rasa masauki sai ɗakunan mutane. Ga hanyar da mahaifinmu yake bi da sassafe zuwa rumfarsa a Kurmi, mu kuma muna biye da ƙunshin rawunan da ya karɓo daga masu bugu. Ga Gwammaja, inda muka kutsa cikin taron jama'a ranar da Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, muka ga manyan mutane suna kuka kamar yara, abin da ba mu taɓa gani ba. Can kuma wajen Ƙofar Mazugal ga maƙabartar da muka kai mahaifin namu da mahaifiyarmu, da wani ɗa namu da bai kai ga yaye ba. Daga inda aka yi mana suna zuwa inda ake jiran mu, in mutum ya sa ƙafa, ko sa'a guda ba zai yi ba. Mu kuwa da muke ta ƙorafin rayuwarmu ba ta je ko'ina ba, sai muka tsaya muna ƙirga abin da Allah Ya zuba mana a ɗan tsakanin nan, lissafi ya ƙi ƙarewa.

Abin da ya fi ci mana rai, jama'a, shi ne littattafanmu. Mun rubuta labarai ba ɗaya ba, kuma duk a cikinsu jarumin yana zaune ne a wani katafaren gida a unguwar da ba ta da suna, in ya gaji ya hau jirgi sai Landan ko Dubai. Ba mu taɓa sa shi ya ratsa Jakara ba, ko ya tsaya a marinar Ƙofar Mata ya shaƙi warin baba da toka. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya bar wa duniya bayanin kasuwarta da zanen garin daga kan wannan dutse. Baƙo ke nan da ya keto Sahara a kan raƙumi. Mu da dutsen ke yi wa inuwa, jikanmu ba zai sami ko sunan kududdufin nan a takardunmu ba.

Muna saukowa ana kiran magariba. Yaron ya ce gobe yana son ganin Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta, ko mun san lokacin da ake buɗewa? Muka ce masa ya kwanta da wuri, tare za mu je mu tambaya. Daren nan muka ɗauko sabon littafin da muke kan rubutawa, muka soke babin farko, muka sauko da jarumin daga bene, muka kama masa hayar ɗaki a Madigawa.