Daga Tanja Zuwa Agadir: Hutun Iyali A Cikin Mota Mai Ɗaki

Mai karatu, duk shekara idan sanyi ya kankama a Turai, daga watan Nuwamba zuwa Maris, akwai wani ayari da ke tsallaka ruwa zuwa ƙasar Maroko. Yawancinsu dattawa ne 'yan fansho daga Faransa da Jamus da Italiya, kowa da matarsa, wasu har da jikoki. Jirgin ruwa ke ɗauko su da motocinsu daga kudancin Sifen ya sauke su kusa da birnin Tanja, domin mashigin da ya raba Turai da Afirka a wurin bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi matsewa. Daga nan sai su bi gaɓar tekun Atlantika su yi kudu har Agadir, tafiyar kimanin kilomita 800. Direban haya zai iya cinye ta a yini ɗaya, su kuwa sai su ɗauki wata biyu ko uku suna tafe suna yada zango.

Motar tasu ta ɗan fi bas ɗin haya tsawo. A ciki akwai gado, da teburin cin abinci da ke komawa gado da dare, da murhun gas, da ƙaramin firji, da banɗaki, da tankin ruwa mai cin kimanin lita 100. Inda dare ya yi maka, nan ne gida. Idan kana cikin masu sha'awar irin wannan hutu, ko kana da dattijo a gida da kake son ka fitar da shi ya sha iska, bari mu bi hanyar nan gari-gari, mu ga abin kallo, mu kuma ga abin da lafiyar iyali ke bukata a kowane zango.

A Tanja aka haifi Ibn Battuta a shekarar 1304, matafiyin nan da yawonsa ya kai shi Mali har Takedda, a ƙasar Nijar ta yau. Ka sha shayin na'ana'a a tsohon gari, ka yi cefane, amma kada ka matsa wa kanka shiga lungunansa da babbar mota. Zangon farko da ya fi sauƙi shi ne Asila, ƙasa da tafiyar awa ɗaya. Ƙaramin gari ne fari fat a cikin ganuwar da Turawan Fotugal suka gina, kuma tun 1978 ake yin bikin al'adu a can, inda masu zane ke ƙawata bangon gidaje. Yara za su yi ta gudu a lungunan ba tare da fargabar mota ba.

A daren farkon nan za ka gane cewa sanyin bakin tekun Maroko ba wasa ba ne, don a watan Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 10. Kuma a nan babban haɗarin wannan mota yake. Kada ka kuskura ka kunna murhun girki don ɗumama ɗaki, ko ka shigo da kaskon gawayi, sannan ka rufe tagogi. Iskar nan mai guba da ke kashe iyali a cikin barci idan an kwana da janareta a ɗaki, ita ce ke taruwa a nan, ba ta da wari ba ta da launi. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma idan mutum biyu ko uku suka fara jin haka lokaci guda, a buɗe ƙofa kowa ya fita waje nan take. Kafin ka karɓi mota, ka tabbatar tana da na'urar da ke kuka idan iskar ta taru, kuma kada a toshe ƙananan kafofin iska da tsumma saboda sanyi.

Daga Asila sai Rabat, babban birnin ƙasar. Can za ka ga hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 12, ya rasu a 1199 ba a kammala ba, tana nan tsaye har yau da ginshiƙan masallacin da ba a yi wa rufi ba. Kilomita 90 gaba kuma Kasablanka ce, da masallacin Hassan na Biyu da aka buɗe a 1993. Hasumiyarsa ta kai mita 210, wani ɓangaren ginin a kan ruwan teku yake, kuma cikinsa na ɗaukar masallata 25,000. Cunkoson birnin ba zai ba mutumin Legas mamaki ba, amma gara ka ajiye motar a wurin da ke da maigadi, ku shiga tasi.

Waɗannan birane biyu su ne wurin cike jakar magani. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya taho da maganin da zai ishe shi har ƙarshen tafiya da rarar mako biyu, tare da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan sinadarin maganin, domin sunan kasuwa kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, saboda haka a riƙa duba firjin motar kullum, kada ya mutu kada kuma ya daskarar da maganin. Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2010 cewa Maroko ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Likitan can ba lallai tunaninsa ya je kan maleriya ba. Idan yaro ya yi zazzaɓi bayan kun taso daga Najeriya, ka faɗa wa likita daga inda kuka fito, ka nemi a gwada jini.

Aljadida na gaba, inda Fotugal suka riƙe wata kagara tun farkon ƙarni na 16 har 1769. A ƙarƙashin ƙasa akwai tsohuwar ma'ajiyar ruwa mai ginshiƙai, hasken rana na sauka cikinta ta wata kafa a rufi. Daga nan hanya ta rungumi teku zuwa Walidiyya, garin da uwargida za ta fi samun kwanciyar hankali. Duwatsu da tudun yashi sun tare igiyar ruwa, sai aka samu wani tafki mai natsuwa da yara ke iya wasa a bakinsa. Amma a tuna, yaro na iya nitsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, kuma ba ya ihu. A ware babba ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya a hannunsa. A buɗaɗɗen teku kuwa ruwan yana da sanyi ko da rana na dukansa, kuma akwai wuraren da yake janye mutum zuwa ciki. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi. Ya kwantar da hankali, ya yi iyo a gicciye ta gefen gaɓa har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu.

Idan ka taɓa buɗe gwangwanin kifin sadin a gida ka duba jikinsa, wataƙila sunan Maroko ka gani. Safi na cikin garuruwan da suka yi suna da wannan kifi, da kuma tukwane da kwanukan yumɓu masu ado. A nan za ka ci shi ɗanye sharaf daga jirgi, a gasa maka a gabanka. Ka zaɓi mai ido garau, jiki da tauri, mara ƙarni mai hawa kai. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi su ƙaurace wa kayan teku da ake ci ba a dafa ba. Ruwan tankin mota kuma na wanka da wanke-wanke ne. Na sha a sayi na gora ko a tafasa. Ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa kada ya bar jakar uwargida.

Sawira, wadda Turawa ke rubutawa Essaouira, garin iska ne. Sarki Muhammad bin Abdullahi ya gina ta a shekarun 1760 don ta zama tashar jiragen ruwan masarautarsa, kuma ayarin raƙuma daga Tumbutu a nan suke sauke zinariya da gashin jimina. Jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ma ta hanyoyin Sahara ta riƙa isa arewacin Afirka, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Da yamma za ka ji makaɗan Ginawa, jikokin mutanen da aka kawo daga kudu da Sahara, da kayan kiɗansu mai tsirkiya uku da zai tuna maka da molo. Tun 1998 ake yi musu babban biki a garin. Iskar nan tana ɓoye zafin rana, don haka a sa wa yara hula, a ba su ruwa ko ba su tambaya ba. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu saboda yashin da ke tashi.

Kilomita 175 na ƙarshe zuwa Agadir hanya ce mai kwana-kwana a cikin tuddai da itatuwan argan, waɗanda awaki ke hawa har kan rassa. Duk daɗin gadon baya, ba a kwanciya a kansa mota na tafiya. Kowa ya zauna a kujera mai bel, a rufe gas, a kulle akwatunan kwanuka. A tsaya duk bayan awa biyu a taka ƙasa, musamman saboda tsofaffi da masu ciki, don dogon zama na kumbura ƙafa, yana iya sa jini ya daskare a jijiya.

Agadir sabon gari ne, domin girgizar ƙasar 29 ga Fabrairun 1960 ta rushe tsohon, ta hallaka dubban mutane. Yanzu akwai doguwar hanyar tafiyar ƙafa a bakin teku, kuma sanyinta da sauƙi, shi ya sa dattawan nan ke shafe makonni a sansanonin da ke kewayenta. A irin sansanin nan ake samun wuta da ruwa da wurin zubar da ƙazantar banɗaki, aikin da ake yi duk kwana biyu ko uku, da safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Sai batun zaman tare. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, balle a ɗakin da bai kai shago ba. Tun kafin a tashi a raba aiki: wa ke girki, wa ke ɗibar ruwa, wa ke shara. Kada hutun maigida ya zama ƙarin wahalar uwargida. A bar kowa ya samu awa ɗaya tasa shi kaɗai a yini, kuma idan yara sun gaji da hanya, a ƙara kwana a inda ake.

Ɗan Najeriya na bukatar biza, da inshorar lafiya ta matafiya, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. A hannun dama ake tuƙi kamar a nan gida. Ka rubuta lambobin gaggawa ka manna kusa da sitiyari: 15 don motar asibiti da 'yan kwana-kwana, 19 don 'yan sanda a cikin gari, 177 don jandarmomi a kan hanyoyin karkara. Ka koya wa babban ɗanka su tun kafin ku bar Tanja. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.