Tambayar da ba wanda ya yi min sai da na rasa shekara guda

Jiya ƙanena ya kira ni daga Unguwar Lalle, wai an ce su zaɓi sayans ko at kafin su shiga SS1. Na ce wa ya yi muku bayanin bambancinsu? Ya ce ba kowa, takarda kawai aka zagaya da ita. Tun jiyan abin ke cina. Ku ɗan yi haƙuri, zaren na da tsawo.

Ni ma haka aka yi min. Duk mai ɗan ƙoƙari a aji, sayans za a tura shi, daga ranar kuma sunansa ya koma "likita". Har Baba in zai aike ni kasuwar Sabon Birni, likita yake kirana. Daɗi nake ji wallahi. Amma ban san darussan da likitanci ke nema ba, ban san makin da ake shiga da shi ba.

A 2021, muna SS2, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Makaranta yau a buɗe, gobe a rufe. Masu cewa "ai komai na intanet, yaro ya bincika da kansa", ku faɗa min da wane sabis? Abin da malami ya faɗa a aji, shi ke nan iyakar duniyarmu.

Sai da na je Sakkwato cike fom ɗin JAMB na fahimci inda nake. Likitanci na son Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mu kuwa mun yi zango biyu cur ba malamin Fiziks. Na cike duk da haka, don kunyar komawa gida in ce ba likita ba. Sakamako ya fito. Ba sai na faɗi makin ba.

Wani abokina nasa ya fi ciwo. Lauya yake so tun muna firamare, kuma bakinsa ya dace da aikin. A gaban kwamfutar rajista ya ji cewa sai da Adabin Turanci, darasin da bai taɓa zama ajinsa ba ko sau ɗaya. Shekara uku yana karatu a kan hanyar da ba ta zuwa inda za shi. Magana ce ta minti biyar da wani zai faɗa masa a JSS3. Yanzu yana sayar da kayan waya a Legas.

Ba zagin malamai nake ba fa. Mutumin da ke koyar da darussa uku, albashi bai kai ƙarshen wata, kullum yana fargabar hanya, na san abin da ke kansa.

Shekarar da na zauna gida na haɗu da tsohon malaminmu na aikin gona, ina jan akuyoyin Inna. Bai min jaje ba. Ya ce, "Kai, in ka tashi da safe ba wanda ya sa ka, mi kaka yi?" Na ce dabbobin nan nake dubawa, Malam. Ya ce wacce ce ba ta da lafiya? Na nuna masa, na ce tun shekaranjiya ta daina tuƙa. Ya yi dariya ya ce to ga karatunka nan kana ja da igiya.

A gindin bishiya ya zaunar da ni. Ya ce jar akuyar nan da muke rainawa, fatarta aka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Ya ce akwai cibiyar binciken dabbobi a Shika kusa da Zariya, akwai ta Vom a Filato inda ake haɗa allurar rigakafi, mutane ne ke aiki a can suna karɓar albashi. Ban taɓa jin sunan ko ɗaya ba.

Sannan ya yaga takarda ya rubuta min hanyoyi uku: likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shekara shida, in na gyara Fiziks. Ilimin kiwo a tsangayar noma, shekara biyar. In duka sun ƙi, kwalejin noma ta Wurno. Gaban kowanne ya sa darussan da ake nema. Abin da ya fi min komai: shi da kansa ya je wajen Baba. Da ni na faɗa, cewa za a yi na kasa ne na fake da akuya.

Baba ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, shi ma likitan ne ko?" Malam ya ce kusan haka, Alhaji.

Yanzu ina aji uku a tsangayar noma. Takardar tana cikin jakata har yau, ta yi laushi.

Ƙanena kuwa na ce kar ya sa hannu a komai sai na zo ranar Juma'a. Na tambaye shi mi yake yi in ba wanda ya sa shi. Wai gyaran tocila da rediyon maƙwabta. Ina neman lambar malamin nan, an ce an mai da shi Gwaranyo.