Wata uku babu al'ada, kuma ba ciki ba

Mu matan Idi-Araba akwai maganar da ba ma yin ta sai mun rage murya. Ka ga mace ta yi wata uku, wata biyar, ba ta ga al'ada ba, an gwada kuma babu ciki. Gashi ya tsiro mata a haɓa tana tsigewa a ɓoye, ƙuraje sun ƙi barin fuska, bayan wuya ya yi baƙi kamar ba ta cuɗawa, ga teɓa. In aure ya kai shekara biyu shiru, sai dangin miji su fara: "Wai har yanzu?" Daga nan sai a ce sammu ne, ko aljani ya aure ta, a yi ta ɗirka mata jiƙe-jiƙe, na gida da agbon Yarabawa.

Abin nan fa yana da suna. Likitoci na rubuta shi PCOS a kati, kuma tun 1935 wasu likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana shi. Sinadaran jiki ne ke rikicewa: na maza, wanda kowace mace ke da shi kaɗan, ya yi yawa, sai ƙwai ya kasa nuna ya fito kowane wata, ƙanana su taru a ma'ajiyarsu. Kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Alamomi uku ake dubawa, biyu sun isa: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza, da abin da hoton ciki ya nuna, bayan an tabbatar ba wata cuta ce daban ba.

Ba a warkewa kwata-kwata, amma ana shawo kansa. Mai ƙiba in ta rage kashi 5 zuwa 10 na nauyinta, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa al'ada kan daidaita. Mun san da wuya a nan, inda burodin Agege da lemon kwalba suka fi ganye sauƙin samu, ɗakin haya kuma ba wurin motsa jiki. To a rage zaƙi, a riƙa taka ƙafa zuwa kasuwa. Wadda ba ta neman ciki yanzu akan ba ta ƙwayoyin da ke tsara al'ada, wasu a haɗa musu da metfomin, maganin suga. Mai neman haihuwa kuwa akwai letirozol da Clomid masu sa ƙwai ya fito. A wani gwaji a Amurka a 2014 kan mata 750, kashi 27.5 na masu shan letirozol sun haihu, na Clomid kashi 19.1, cikin zagaye biyar. Ke nan ba sha yanzu magani yanzu ba ne, sai da haƙuri da bibiya, kuma ba abin saye a kemis ba ne kai tsaye.

Ko wadda ta gama haihuwa kada ta ce ba ruwanta. Ciwon nan na jawo ciwon suga da hawan jini, kuma daɗewa babu al'ada na sa bangon mahaifa ya yi kauri, har ya iya zama daji.

Asibitin koyarwa na LUTH ga shi nan a unguwarmu, wasu daga wasu jihohi suke zuwa. 'Yar'uwa, ki fara rubuta ranakun al'adarki a takarda, ki tafi da ita wurin likitan mata. Maigida, don Allah a raka ta, a gwada ka kai ma, tun kafin a fara zancen ƙaro aure. Iyaye kuma, yarinyar da ta shekara biyu ko uku da fara al'ada har yanzu tana tsallake watanni, a kai ta a duba tun tana gabanku. Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a ɗayyiba.