Kwalin Al Quoz da Takardar Jebba

Na sauka Dubai a 2009, aikina na farko kuma a wani sito ne a unguwar masana'antu ta Al Quoz, bayan babban titin Sheikh Zayed. Muna sauke rim-rim na farar takarda daga kwantenonin da suka fito tashar Jebel Ali, galibi 'yar Indonesiya, mu sake loda wasu zuwa Afirka. Ran da na ga an rubuta Apapa a jikin wani kaya, sai na tsaya cak, na tuna Baba.

Baba yana da ƙaramar maɗaba'a a Fagge. Katin biki, rasit, littattafan Islamiyya, daga baya har da littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano. Ina yaro yakan nuna mini takarda ya ce, "Wannan ta Jebba ce, tamu ce." Masana'antar Jebba ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku mai yin takardar jarida ta biyo baya a 1986, ga kuma ta Iwopin da aka daɗe ana jira. An shuka dazuzzukan malaina dominsu. Amma injinan suna buƙatar kayan gyara da sinadarai da wani nau'in ɓargon itace daga waje, sai ga darajar naira ta faɗi bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986. Kafin shekarun 1990 su ƙare duk sun yi shiru. Daga nan kowane rim da Baba ya saya da dala aka auna shi. Na sha ganinsa yana mayar da aiki saboda kuɗin takarda ya cinye ribar tun kafin a kunna inji.

Shigo da takarda ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman Kano sun rubuta Alƙur'ani a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus. Abin da ke cin raina shi ne mun taɓa kama hanyar dogaro da kai, muka saki.

Su ma Larabawan Dubai shigo da ita suke yi, da yawa kuwa. Ƙasar da ba ta da daji me za ta yi? Sai dai a Al Quoz ɗin nan akwai Union Paper Mills, wadda tun ƙarshen shekarun 1980 take tattara tsofaffin kwalaye tana mayar da su sabon kwali. A lokacin, duk yamma motoci kan zo sitonmu su kwashe kwalayen da muka yage, a auna, a biya. A gida irin wannan kwali wuta muke hurawa da shi, ko mai tsire ya naɗe nama.

Da na je hutu a 2012 na kai wa Baba rim biyu tsaraba. Ya buɗe ɗaya, ya ɗaga takarda guda ya duba ta a hasken ƙofa, ya shafa ta da yatsa. Ya ce, "Mai kyau ce. Ta ina ce?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ajiye ta a kan injin da ya shekara uku bai motsa ba.