Yadda Muka Gyara Fitilar Baba Mai Yasar Rijiya

Mu uku ne 'yan ƙasar Daura a ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu, kuma duk wanda ya zauna ɗakin kwana ɗaya da mu ya san halinmu: ba ma ganin matacciyar tocila mu ƙyale ta sai mun kwance ta. Abin da za mu ba ku labari ya faru ne a hutun bazarar da ta wuce, a ƙauyen ɗayanmu da ke tsakanin Daura da Mai'adua.

Daura dai garin rijiya ne. Baƙo in ya zo, Kusugu ake fara kai shi, a ba shi labarin macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi. Amma rijiyoyin ƙauye ba su da tarihi, sai yashi da laka. Da zarar zafi ya tsananta ruwa ya janye, sai a nemo mai yasa. A ƙauyen nan wani dattijo ne ke wannan aiki, kowa Baba yake ce masa. Yana da fitilar goshi irin mai caji wadda ya sayo a kasuwa, domin a gindin rijiya mai gaba 15 ko da rana tsaka ba ka ganin bakin magirbinka sosai, hannuwa kuma duka biyu aiki suke.

Ranar da muka je gaishe shi, muka tarar yana faɗa da fitilar. Ya ce ta kwana wurin mai caji, amma bai cika guga biyar ba ta dushe, ya ƙarasa aikin da lalube. Wannan ce ta uku da ya saya cikin shekara biyu, sauran biyun suna saman danga. Muka ce, "Baba, a ba mu ita mu duba." Ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "To, 'yan boko, ga ta nan. Da ma mushe ce."

Da muka buɗe sai muka ga ƙwan lafiyarsa lau. Irin ƙananan fararen ƙwayayen nan ne da ake kira LED, waɗanda ba sa cin wuta, kuma da wuya su ƙone. Makunnin ya ɗan yi tsatsa, muka kankare. Ciwon yana jikin batir. Wani ɗan baƙin akwati ne na dalma da ruwan batir, mai bolt 4, ƙanin batirin mota ke nan. Irin wannan batir ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf a bar shi kwana da kwanaki babu caji, ba ya kuma son zafi. To, a ƙasarmu wane batir ne zai tsira daga waɗannan biyun? Mun tabbata yawancin fitilun da ake zubarwa a bola wannan ne kaɗai ciwonsu.

Nan fa muka ga dama ta samu. Muna da wani tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka da muka roƙa wurin mai gyara a cikin Daura. Da aka fasa shi, batura shida ne a ciki na litiyam, irin da ake kira 18650, wato kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Kowane yana ba da bolt 3.7. Sau da yawa ɗaya ko biyu ne ke mutuwa su ja wa sauran a jefar da su. Muka auna da mita, muka sami huɗu masu rai. Muka cire batirin dalma, muka liƙa ɗaya a gurbinsa, muka kunna. Haske kamar na mota! Muka yi ta tafi muna yaba kanmu, muka kai ta shagon caji muka tafi cin tuwo.

Ba a yi awa uku ba sai ga yaron shagon a guje, wai mu zo fitilarmu tana wari. Muka tarar ya zare ta ya jefa cikin yashi. Robar ta lanƙwashe, batirin kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Allah ne ya kiyaye, domin shagon nan cike yake da wayoyin mutane, ga jarkar fetur ta janareto a gefe.

Da dare muka buga wa malaminmu na kimiyya waya. Bai yi mana dariya ba, amma gara dariyar da abin da ya faɗa. Ya ce cajar da ke cikin irin wannan fitila ba ta san ƙoshi ba, ɗura wuta kawai take yi. Batirin dalma yakan jure, na litiyam kuwa iyakarsa bolt 4.2, in ya wuce sai zafi, daga nan sai gobara. Ya ce dole mu cire tsohuwar cajar gaba ɗaya, mu sa ɗan farantin nan mai tsayar da caji in batir ya cika, ya kuma yanke wuta in ya kusa ƙarewa. Masu gyaran waya suna sayar da shi, kuɗinsa bai kai na sabuwar fitila ba ko kusa. Sannan ya tuna mana yaran nan 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya tare a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018, suka yi kwana tara kafin masu ninƙaya su gano su. Ya ce masu shiga kogo suna da doka: fitila uku kowane mutum, ba ɗaya ba. "In kuna son Baba da rai, ku gyara masa biyu."

Haka muka yi. Muka sauko da biyun nan na saman danga muka yi aikin a natse. Wannan karon batura biyu muka haɗa wa babbar, kai da kai, gindi da gindi, muka sa su cikin wani ƙaramin gwangwanin roba da zai zauna a ƙeya don kada nauyi ya rinjayi goshi. Muka naɗe kowace mahaɗa da salatif, muka ɗaure bakin da robar tayar keke saboda laima. Ƙaramar kuma muka yi mata igiya ta rataya a wuya. Muka kunna babbar bayan cin abincin dare muka bar ta, har kiran assalatu tana ci.

Ranar yasa muka rako Baba bakin rijiya muna taƙama. Ya ɗaura fitilarmu a goshi, ya gwada, ya gyaɗa kai. Sai kuma ya ce wa ɗansa ya miƙo fitilar ƙwai. Tsohuwa ce tukuf, gilashinta duk hayaƙi. Ɗayanmu ya ce, "Baba, ai an wuce zamanin kalanzir." Bai tanka ba. Ya kunna lagwani, ya ɗaura ta a igiya, ya zura a hankali, mu duka muka leƙa. Ta yi gaba goma tana ci. Ta ƙara kaɗan sai harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi ja, ya mutu.

Baba ya jawo ta ya ce, "Taku za ta yi ta haske ko da ni na mutu a ƙasa. Wannan kuwa tare muke numfashi."

Kunya ta kama mu, don mun karanta wannan a aji. Kashi 21 cikin 100 na iska ne kawai iskar da jiki ke amfani da ita, kuma a tsohuwar rijiya wata iska mai nauyi takan kwanta a ƙasa ta kore ta. Wuta takan mutu tun kafin mutum ya faɗi, shi ya sa take zama gargaɗi. Mun rubuta wannan a jarrabawa mun ci, amma a bakin rijiya bai zo mana ba. Daga baya malam ya ƙara mana da cewa ko fitilar ƙwai ba komai take ganewa ba: hayaƙin injin jan ruwa in aka zura shi cikin rijiya yana kashe mutum alhali wuta na ci.

Baba ya sa aka saro rassan darbejiya masu ganye aka ɗaure, mu uku muka yi ta zurawa muna jawowa da sauri har kafaɗunmu suka yi tsami. Sau uku ana gwada fitilar ƙwai. A na ukun ta kai ƙasa tana ci, sannan ya tuɓe riga ya kama igiya. Muka ga farin haskenmu yana ƙanƙancewa har ya zama kamar tauraro, can sai muryarsa ta taso, a sako guga. Ya fitar da guga 40 da wani abu kafin azahar, fitilar ba ta ko ƙifta ba.

Tsofaffin baturan dalmar ba mu jefa su a bola ba. Ba mu manta yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba, ko da yake tasu daga dutsen zinariya ta fito. Muka sa su a kwali muka taho da su, suna ɗakin gwaje-gwaje har a sami mai sayen tsofaffin batura. Wanda ke da matacciyar tocila a ƙarƙashin gado ya kawo mana ranar taron ƙungiya. Amma yanzu malam ya kafa sharaɗi, ba a sa kome a caji sai ya duba da idonsa.